Pak Kasmuri da Haƙoransa na Kasuwa

Duk wanda ya yi aure a ƙauyukan da ke kewaye da Kudus, garinmu da ke kan tsibiri can gabas mai nisa, a zamanin da muke da sauran ƙarfi, da wuya in ba muryar Pak Kasmuri ce ta raka shi kujerar angwanci ba. Shi ne sanƙiran biki, Pak kuwa a wurinmu kamar a ce Malam ne. Ni kuwa Ngatmi, mai dafa abincin biki, ina can baya cikin hayaƙi da tukwane ina jin sa ta lasifika. Na san shi fiye da yadda nake so, domin ƙanwata Warsini yake aure. Ya girme ni, amma tunda ƙanwata ce a gidansa, Dik nake ce masa kamar kowane ƙane, shi kuma dole ya ce min Yu, wato yaya. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai, ni kuma shi ya sa ban taɓa mantawa da shi ba.

Ba zan ƙwace masa abin da Allah ya ba shi ba: ya iya magana. In ya ɗaura zanen batik, ya sa riga mai ratsi-ratsi, ya soke wuƙar ado a bayan ƙugu, ya kafa hula, sai ka rantse a fada aka haife shi. Alhali ubansa facin tayar keke yake yi a bakin kasuwa, kuma ya fi ɗan nasa amfani nesa ba kusa ba. Da ya karɓi makirufo sai ya koma tsohon harshen sarakuna, wanda mu kanmu rabinsa muke ganewa. Ango mai gyaran waya ya zama jarumin da ba a taɓa haifar irinsa ba. Amarya ta zama furen aljanna, ko da kuwa ɗazu ta gama zagin mai yi mata kwalliya. Iyaye su yi ta sharar hawaye, shi kuwa yana satar kallon teburin abinci.

Bayan murya, abin alfaharinsa haƙora ne. Da su ya yi wa Warsini burga lokacin yana nemanta. Ya buɗe kwalbar lemo da haƙori, ya ɓare rake, ya tsinke igiya. Yarinya ta tsaya baki buɗe kamar ta ga sana'a. Na ce mata, "Ke, ɓera ma yana yin duk wannan, ban ji an aure shi ba." Ba ta ji ba.

Tun daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa haƙoransa ba irin na mutane ba ne, ba sa buƙatar wanki. Ya kurkure baki da shayi, shi ke nan an gama. In an yi masa magana sai ya ce kakansa ya rasu da haƙoransa cif, kuma bai taɓa ganin buroshi ba. Ba ya faɗin cewa kakan nan a kan rogo da ganye ya rayu, sukari sai da Sallah. 'Yarsa Ambar, da ta samu aiki a birnin Semarang, ta kawo masa buroshi mai kyau da man goge baki. Ya sa mata albarka. Daga baya ya gano buroshin ya dace da shafa baƙin rini a gashin baki, can ya ƙare.

To ku dubi abin da bakin nan yake ci. A watan Babbar Sallah, lokacin da kowa ke aurar da 'ya'ya, daga wannan biki yake zarcewa wancan. Kowane gida jenang ne, alewarmu ta shinkafa da madarar kwakwa da mazarƙwaila, mai danƙon da ke liƙe wa haƙori har gobe. Shayi kuwa in bai yi kauri da sukari ba sai ya ce an raina shi. Tsakanin jawabi da jawabi, taba mai kanumfari. Ya koma gida ya kwanta da wannan duka a bakinsa, shekara da shekaru.

Ni na fara ganin jinin. Ya shigo madafa wata rana a gidan biki, kamar yadda ya saba shigowa ba a kira shi ba, ya ɗauki ɗanyen mangwaro ya gatsa ya ajiye. Na ga ja a inda haƙoransa suka shiga.

Na ce, "Dik, dasashinka na zubar da jini."

Ya ce, "Mugun jini ne ke fita, Yu. Alamar lafiya ce. Ki ji da tukunyarki."

"Tukunyata dai kullum ana wanke ta."

Sai wari ya biyo baya. Mbak Tumini, mawaƙiyar da suke karɓa-karɓar makirufo da ita, ta koma ɗaura masa hankici tana fesa turare kafin ta kai shi bakinta. Ya zo yana gaya min, wai dubi yadda yarinyar nan take girmama abin da ya taɓa. Angwaye suna kau da kai in ya sunkuyo yi musu nasiha, ya ce kunya ce irin ta 'ya'yan mutunci. Mutanen garin kuwa, munafukan banza, a bayansa su toshe hanci, a gabansa su ce, "Pak, muryar nan sai ƙara daɗi take." Warsini ba ta ce komai ba. Ita dama ba ta cewa komai.

Kowane wata ma'aikatan asibitin gunduma sukan zo barandar dagaci su auna tsofaffi. Pak Kasmuri bai taɓa leƙawa ba, don a ganinsa shi ba tsoho ba ne. Ranar da ya je, gayyatarsa aka yi ya buɗe taro, saboda an kawo sabuwar likitar haƙori, Likita Hesti. Ya yi ta jawabi har tsofaffin suka fara gyangyaɗi. Da ya gama, dagaci ya ce, cikin raha, to a fara da mai jawabi. Aka soki yatsarsa. Ma'aikaciyar ta dubi na'urar, ta sake dubawa, ta miƙa wa likita. Likita Hesti ta ce ya buɗe baki. Ina zaune a layi, na ga ta gyara takunkumin fuskarta da kyau.

Ta ce, "Pak, sukarinka ya hau sosai. Dasashin ma ya kumbura, akwai mugunya a ƙarƙashi, datti ya daskare a gindin haƙoran kamar dutse. Su biyun nan taimakon juna suke yi. In sukari ya yi yawa dasashi ba ya warkewa, in dasashi yana ruɓewa sukari ba ya son sauka. Ka zo asibiti in kankare maka, in kuma haɗa ka da mai duba ciwon suga. Yanzu da sauran gyara."

Bai ce mata Bu Likita ba, yadda ake girmama mace a wurinmu. Nduk ya kira ta, yadda ake kiran 'yar yarinya a cikin gida.

"Nduk, me ya haɗa haƙori da jini? An koya miki haƙori, ki tsaya a haƙori. Kuma na san kankarar nan taku. Wani an kankare masa, haƙoran suka yi ta kaɗawa. Wani an cire masa na sama, ido ya mutu."

"Wane ne shi, Pak? Ina gidansa?"

"Ya tashi daga nan."

"Ba kankara ke sa haƙori kaɗawa ba, Pak. Ciwon ne yake cinye ƙashin da ke riƙe da shi. Ido kuwa babu ruwansa."

Ya juya ya dubi tsofaffin ya yi dariya, suka taya shi, da masu haƙori uku da masu huɗu. Ya ɗauki kwalin kayan taɓawar da aka ajiye wa baƙi ya yi tafiyarsa.

Ba a jima sosai ba maganarsa ta fara fita da ɗan fito, domin haƙoran gaba sun fara buɗewa suna rawa. Wata rana a tsakiyar biki ya gatsa jenang, ya janye hannu, sai ga haƙorinsa a tsaye cikin alewar. Ya dunƙule ya jefa aljihu. Ya ƙarasa bikin yana rufe baki da hannu, ya fi amaryar kunya. Wani haƙorin ya bi bayan wancan, wani kuma ya karye ya bar kututture.

A daidai lokacin ne Haji Dulkamid, dillalin kanumfari, ya sa ranar auren 'yar autarsa. Biki ne irin wanda ake rufe titi da rumfa. Ni aka ba abinci, shi aka ba makirufo. Warsini ta lallaɓa ta ce ko zai je wurin Likita Hesti. Ya ce allambaran, ba zai je yarinya ta zaunar da shi tana yi masa karatu ba, kuma ya ji su sai sun yi ta jan mutum wata da watanni da sunan magani kafin su sa masa haƙori.

Sai ya tafi wurin Kang Sarpin, mai dasa haƙori a bayan kasuwa, wanda aka zana ƙaton baki yana murmushi a allonsa, baki kawai ba fuska. Kang Sarpin da gyaran takalmi ya fara neman abinci, kuma a ganina bai sake sana'a ba, wuri kawai ya sake. Bai tambayi sukari ba, bai tambayi jini ba. Ya kwaɓa wani jan gam, ya jera fararen haƙora sama da ƙasa, ya liƙe su da masu rawa da kututturan da suka karye, duka a dunƙule, ba cirewa. Kafin la'asar an gama.

Gidana ya fara zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya washe.

"Yu, dubi."

Na duba. Farare fes kamar tangaran, manya-manya, har leɓe ba ya rufuwa a kansu.

Na ce, "Dik, kamar kan akuyar da aka babbake. To yaya za ka wanke ƙarƙashinsu?"

"Sababbi ne, Yu. Wa yake wanke sabon abu?"

Haka ya yi ta yawo a gari yana yi wa kowa murmushi, har waɗanda suke gaba. Abin da ke ruɓewa kuwa ya samu rufi, ya ci gaba da aikinsa babu mai ganinsa. Ƙishirwa ta dame shi, kullum yana hanyar bayi. Ya rame har zanen ya koma zamewa daga ƙugu. In ciwo ya motsa sai ya cusa kanumfari ya bi da garin maganin ciwon kai na shago. Da zazzaɓi ya zo ya ce iskar sanyi ce ta shige shi, ya sa Warsini ta kankare masa baya da sulalla da man zafi har bayan ya yi ja ratsi-ratsi. Wannan kankarar bai taɓa jin tsoronta ba.

Ranar bikin Haji Dulkamid ya shigo madafa da hantsi yana neman ruwan ƙanƙara. Ya naɗa gyalen siliki a wuya har haɓa, wai sabon yayi ne. Na ja gyalen. Ƙasan muƙamuƙinsa ya kumbura ya yi tauri, fatar tana sheƙi. Maganarsa kamar ya cika baki da dankali mai zafi. Na taɓa goshinsa, kamar murfin tukunya.

Na ce, "Dik, ban da wasa yau. Bar wa wani, ka tafi asibiti."

"In bar wa wa? Gunarso?"

Gunarso wani matashin sanƙira ne da ya fara samun kira, kuma yana cikin baƙi a ranar.

"Ko Gunarso, ko lasifika ta yi magana da kanta. Ba ka da lafiya."

Ya gyara gyalensa ya fita.

Da aka fito da ango da amarya ya fara, a hankali, kalma na fita da ƙyar. Ya kira ango da sunan surukinsa. Ya ce amarya kamar, kamar, sai ya tsaya. Lasifika ta ɗauki numfashinsa, wani irin gurnani mai shaƙewa, har wasu mata suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinsa, suka fara matsar ƙwalla su ma. Miyau ya dalalo a kan gyalen. Ya miƙa hannu zai dafa iska, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa cikin furannin da aka jera a gaban kujerar amarya.

Abin da Haji Dulkamid ya fara tambaya shi ne wa zai ƙarasa. Kafin mu ɗaga shi daga cikin furen Gunarso ya riga ya karɓi makirufo. A bayan akori-kurar da ke ɗauko min kaya muka kwantar da shi, tsakanin tukwane, kansa a cinyar Warsini, muka nufi babban asibitin gari.

Likitan tiyata da ya duba shi bai ɓoye mana komai ba. Ya ce mugunyar da ta taru a gindin haƙoran ƙasa ta gangara ƙarƙashin harshe ta sauka wuya, tana neman toshe masa hanyar numfashi. Ƙwayoyin cuta sun shiga jini, sukari kuwa ya kai inda jiki ba ya iya kare kansa. Ya dubi Warsini ya ce, "Bu, da kun bari ya gama bikin nan, da gobe wani taron za ku yi."

Suka tsaga ƙasan haɓa suka sa bututu, suka farfasa aikin Kang Sarpin suka fitar. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya min ta daɗe a aikin nan, amma ranar ba ta iya cin abincin rana ba.

Ya daɗe a kwance ba magana, ga ƙarin ruwa, ga allura, ana ta sa ido a kan zuciyarsa da ƙodarsa. Ambar ta baro aikinta ta zo. Gaskiya na tausaya masa. Mutumin da bai taɓa yin shiru ba tun da na san shi, ga shi sai ido kawai yake juyawa, hawaye na bin gefen fuska zuwa kunne. Na ce a raina, to, wannan karon ya ji a jikinsa.

Ranar da ya fara iya haɗa kalmomi muka matsa kusa mu ji. Me ya ce? Wai Gunarso ne ya yi masa sammu.

"In ba haka ba, me ya kawo shi bikin?"

Na ce, "Ƙanen uwar ango ne, Dik. A ina kake so ya zauna?"

"An binne min wani abu. A nemo mai tonowa."

Warsini tana matse tsumma a kwano. Ta ajiye tsumman. Ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba sai ranar, da ta kira shi Mas, yadda mace ke kiran mijinta.

"Mas, ya isa! Babu wanda ya binne maka komai, kai ka binne abinka da gam. Tun Ambar tana goye nake kwana ina kallon bango saboda bakinka, ban faɗa ba don kar ka ji kunya. Na wanke maka zane, na goge maka wuƙa, na rina maka gashin baki. Baki ne kaɗai ba zan iya wanke maka ba, shi kuma ka ƙi. Yarinyar nan ta gaya maka a gaban jama'a ka mai da ita abin dariya. Ka kusa sa ni takaba saboda ƙyuyar goge haƙori, yanzu kuma ka ce in je neman boka? Wallahi ka sake ambaton Gunarso, gidan Yu Ngatmi zan koma."

Wani tsoho a gadon kusa ya ɗago kai ya ce, "Bu, ƙara masa." Pak Kasmuri ya rufe ido ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

Bayan an sallame shi, sai da sukari ya lafa sannan Likita Hesti ta bi sauran haƙoran tana cirewa kaɗan-kaɗan, don babu na ceto a cikinsu. An cire na sama duka, idonsa kuwa garau, har yana hango laifin mutane daga nesa. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Wannan ya ba ni haushi, sai na riƙa faɗa a madadinta duk lokacin da na raka su. Da bakin ya warke sukarin ya ƙara sauka, har aka rage masa magani. Aka yi masa haƙoran roba na ƙwarai, masu cirewa a wanke.

Muryar dai ba ta dawo kamar da ba, ga tabo a ƙarƙashin haɓa, bukukuwa kuma duk sun koma hannun Gunarso. Kang Sarpin yana nan a bayan kasuwa. Na tsaya na gaya masa abin da ya faru, ya ce, "Ni liƙawa na yi, Yu. Abin da ke ciki ba aikina ba ne." Yana faɗa yana ɗaura wa wata budurwa waya a haƙora don ado, ƙawayenta suna jiran layi.

Pak Kasmuri ya yi watanni a barandar gidansa yana shan shayi ba sukari, yana yamutsa fuska kamar ana cutarsa. Sai Likita Hesti ta aiko a tambaye shi ko zai zo taron tsofaffi ya ba da labarin abin da ya same shi. Na ce mata za ta yi da-na-sani.

Ya zo da cikakkiyar shiga, har da wuƙar ado. Ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Iyayena da 'yan'uwana, ni da na daɗe ina gaya wa mutanen garin nan cewa baki da jini abu guda ne..." Na kusa faɗowa daga benci. Ya yi bayanin sukari da dasashi tiryan-tiryan, da kalmomin likitar, kamar a mafarki aka sanar da shi. Ya ɗaga haɓa ya nuna tabo. Daga ƙarshe ya zare haƙoran ya ɗaga sama, ya yi musu murmushi da dasashi zalla. Tsofaffin nan da suka taya shi dariya a baya, su ne suka tashi suna ture juna a layin likita. Ta yi ta gaya musu wannan magana wata bayan wata ba su ji ba, sai da wanda ya lalata nasa bakin ya faɗa.

Yanzu ƙauye-ƙauye ake ɗaukarsa a bayan babur ɗin asibiti. Na yi wa Likita Hesti ƙorafin ƙaryar da yake shararawa, ta ce in bar shi, tunda layi yana cika. Kwanan baya ya ce ya kamata a ba shi farar riga irin ta likitoci. Ta ce a'a. Sai ya sayo farin yadi da kansa ya ba Warsini ta kai wa tela. Ta karɓa ta kai, aka ɗinka mata labulen madafa. Har yau in ya bi ta shagon yana tambayar rigarsa, tela yana ce masa sai wani satin.